Aikin Emilia Yana Jiran Hannun Kofur Zamani

Daga:
Malama Magdalene Kumai,
Bayan Tashar Jirgin Ƙasa,
Kafanchan.

Litinin, 12 ga Satumba, 1977.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Lafiya
Mai Kula da Asibitocin Kudancin Jihar Kaduna,
Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA YI WA EMILIA ZAMANI AIKIN MAHAIFA A ASIBITIN DUTSEN KANYA SABODA RASHIN SA HANNUN MIJI

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da roƙon Ubangiji ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon wannan aiki, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a gabanka. Ni malamar aji huɗu ce a wata makarantar firamare a nan Kafanchan. Emilia Zamani, wadda wannan takarda ta shafa, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayenmu duka sun kwanta dama, kuma ba mu da ɗan'uwa namiji. Na rubuto da saninta da yardarta, domin tana kwance a ɗakin mata na asibitin da na ambata tun ranar 19 ga Agusta. Na rubuta da Hausa ba don ban iya Turanci ba, sai don in karanta mata ta ji kowace kalma kafin in liƙe ambulan.

Ga zancen a taƙaice. Likita ya ce sai an yi mata aiki an cire mahaifarta, in ba haka ba jinin da take zubarwa zai ƙarar da ita. Likitan fiɗa zai zo daga Jos ranar Talata, 27 ga wannan wata, kuma ba zai sake zuwa ba sai bayan Kirsimeti. Ofishin asibiti ya ce ba za a sa ta cikin waɗanda za a yi wa aiki ba sai mijinta ya sa hannu. Mijin nan kuwa rabon da wani mahaluƙi ya sa shi a ido shekara takwas ke nan. Ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon bayanin da ke ƙasa, don duk ofishin da na taƙaita masa zancen, sai ya tura ni wata ƙofa da na riga na ƙwanƙwasa.

1. Emilia ta auri Zamani Nicholas, mutumin wani ƙauye a ƙasar Zangon Kataf, auren coci, a watan Disamba na 1967, tana da shekara ashirin. Ya shiga soja a shekarar da ta biyo baya, har ya kai muƙamin kofur. Ya zo hutu lokacin Ista na 1969, ya koma bakin daga, kuma daga nan ba amo ba labari. Yaƙin basasa ya ƙare, abokan tafiyarsa suka dawo, wani da ƙafa ɗaya, wani da rediyo a kafaɗa, amma babu wanda ya ce ya ga gawarsa, babu kuma wanda ya ce ya gan shi a raye. Emilia tela ce, ita ke ɗinka wa rabin yaran makarantarmu kayan makaranta. Ta jawo keken ɗinkinta ta kafa shi a bakin tagar da ke kallon tasha. Duk sa'ad da jirgin Fatakwal ya tsaya, sai ta ɗage ƙafa daga keken har fasinja na ƙarshe ya wuce, sannan ta ci gaba da ɗinki. Ba ta taɓa neman a raba auren ba, ba ta kuma taɓa kula wani namiji ba. Unguwarmu kaf shaida ce a kan haka.

2. Bayan komawar Kofur Zamani daga wancan hutu, al'adarta ta ɗauke wata biyu, sannan jini ya zo mata da yawa. Surukarta, Mama Kuyet, tsohuwa ce da ba ta da abin da take so a duniya kamar wannan ɗa nata. Ta ce cikin bai zube ba, kwanciya ya yi, kuma zai tashi ranar da ubansa ya dawo. Ranka ya daɗe ya san wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, tsofaffinmu sun yarda ciki yana kwanciya shekara da shekaru. A lokacin babu wanda ya ga dalilin yin musu da tsohuwar da ɗanta ke wurin yaƙi. Aka bar ta da abinta.

A damina ta 1974 cikin Emilia ya fara tasowa. Da farko zane ya ɓoye shi, daga baya ya fi ƙarfin zane. Al'adarta kuwa, maimakon ta tsaya kamar ta mai juna biyu, sai ta ƙaru, tana yin rabin wata ba ta ɗauke ba. Amma mutane ciki suke gani, ba sa ganin tsummokin da take wankewa a bayan ɗaki.

3. Matar da mijinta ya yi shekara biyar ba ya nan, ga ciki ya fito, ba sai na faɗa wa Mai Girma abin da gari ya ce ba. Mata suka fara janye ɗinkinsu ɗaya bayan ɗaya. Dattawan ikkilisiya suka kira ta, suka zaunar da ita a gabansu, suka nemi ta faɗi sunan mai cikin. Ta rantse ba ta san namiji ba tun tafiyar mijinta, ba su yarda ba. Ana cikin haka sai ga Mama Kuyet ta iso daga ƙauye a bayan motar doya, ta shigo da sandarta ba sallama. Ta ce wa dattawan cikin ɗanta ne, ita ta san ranar da ya kwanta, kuma duk wanda ya sake kiran surukarta mazinaciya ya zo ya same ta a gida. Ran nan babu wanda ya tsaya wa Emilia a duniya sai wannan tsohuwa. Emilia ta sunkuyar da kai ba ta musa zancen tsohuwar ba, domin idan ta buɗe baki ta ce ba cikin Zamani ba ne, tambaya ta gaba ita ce to na wane ne.

Dattawan ba su wanke ta ba, ba su kuma kore ta ba. Suka yanke cewa a dakatar da ita daga cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, da kuma ƙungiyar mawaƙa har sai abin da ke cikin ya bayyana. Wata tara ya wuce, ba a haifi komai ba. Yau shekara uku tana zaune a bencin baya, ana miƙa ƙoƙo ana tsallake ta. Ba ƙarar ikkilisiya nake kawo maka ba, na san ba hurumin ofishinka ba ne. Na faɗa ne don ka san cewa aikin nan ba ranta kaɗai zai ceta ba, har da sunanta.

4. Ranar 19 ga Agusta ta faɗi a kan keken ɗinki, goshinta ya bugi ƙarfe. Muka kai ta asibiti idanunta fari fat, leɓunanta kamar an shafa toka. Likitan da ke wurin, Allah ya saka masa, ya duba ta da kyau, ya sa aka ɗauki hoton cikin da inji. Ya bayyana mana cewa babu ɗa a cikin, ba a kwance ba, ba a tashe ba. Ƙullutun nama ne ya tsiro a mahaifa, ya yi ta girma har ya kai girman kabewa, shi ke jawo zubar jinin, yana kuma danne mata mafitsara. Ya ce ciwo ne sananne ga mata, ba laifin kowa ba ne, kuma ana warkewa sarai idan an cire. Emilia ta yi kuka ran nan, amma kukan daɗi ne, don karo na farko ke nan da wani ya ba ciwonta suna ba tare da ya haɗa shi da sunan namiji ba. An gaya mata ba za ta haihu ba bayan aikin. Ta kwana biyu tana tunani, ta ce ta yarda, a yi.

An sa mata jini sau biyu. Na farko nawa ne, na biyu na maigidana ne. Ina so a lura cewa sa'ad da aka ɗebi jinina babu wanda ya tambaye ni ko ni namiji ce.

5. Nan ne ainihin ƙorafina. Ranar 25 ga Agusta sakataren asibiti ya aiko da takardar yarda da aiki, ya ce ƙa'idar asibitin ita ce ba a cire mahaifar matar aure sai da hannun mijinta. Na je ofishinsa na yi masa bayanin duk abin da ke sama. Ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, har kujera ya ba ni. Ya ce an taɓa yi wa wata mata irin wannan aiki ba da sanin mijinta ba, sai mijin ya zo da mutanen ƙauyensu da kwari da baka suka kewaye asibitin, tun daga nan aka kafa ƙa'idar. Ya ce idan miji ba ya nan, namiji daga dangin miji ya sa hannu, tun da su suka biya sadaki. Idan kuma miji ya mutu, a kawo takardar shaidar mutuwa, sai matar ta sa hannu da kanta a matsayin gwauruwa.

Na ce ni yayarta ce, ni na goya ta, zan sa hannu. Ya ce hannun mace ba ya tsayawa a wannan gurbi. Maigidana ya ce zai sa, aka ce shi ba dangin miji ba ne. Emilia da kanta ta sa aka tura ta a keken marasa lafiya har ƙofar ofishin. Ta ce masa cikin nata ne, jinin nata ne, shekararta talatin, ta gama aji bakwai, ta iya rubuta sunanta. Ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma ba shi ya kafa ƙa'idar ba. Na nemi ya nuna mini inda aka rubuta ta a dokar gwamnati. Ya ce tun kafin a ɗauke shi aiki haka ake yi. To, Ranka ya daɗe, ni malama ce, idan yaro ya ba ni irin wannan amsa ba na ba shi maki.

6. Namiji ɗaya ne ya rage a gidan su Zamani, wato wansa, Malam Bartholomew Nicholas, manomi kuma dattijo a ikkilisiyar ƙauyensu. Na je har gonarsa na roƙe shi. Ba mugun mutum ba ne, ina so wannan ya shiga takarda. Amma a al'adarsu, ranar da ɗan'uwa ya tsaya a gurbin miji kan abin da ya shafi jikin matar, ya shaida wa dangi ke nan cewa mijin ya mutu. Dole a yi makoki, kuma matar ta zama gadonsa. Shi kuwa yana da matarsa ta coci, in ya karɓi ta biyu a bakin dangi, ko da suna ne kawai, ikkilisiya za ta sauke shi. Bayan wannan, uwarsa ta rantse a gaban mutane cewa idan ya bari aka tsaga cikin aka kashe mata jika, za ta ɗaga masa nono, kada ya zo kan kabarinta.

Duk da haka ya zo, ranar 2 ga Satumba, da rigarsa ta Lahadi. Ya shiga ya ga Emilia, ya fito ya zauna a gaban sakatare, aka miƙa masa alƙalami. Ya riƙe shi, ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ajiye, ya ce ba zai iya binne ƙanensa da hannunsa ba alhali uwarsu na ajiye wa ƙanen tuwo har yau. Ya fita yana share ido da hularsa. Na ji haushinsa ƙwarai, har na faɗa masa maganar da ba ta dace da takardar ofis ba. Amma tsakani da Allah, ba shi ya kamata a ɗora wa wannan kaya ba.

7. Na bi ɗaya hanyar da sakatare ya nuna. Na je kotu neman takardar shaidar mutuwa, aka ce in kawo tabbaci daga sojoji. Na ɗauki izini a makaranta na je Kaduna. Wani hafsa ya bincika, ya ce sunan Kofur Zamani yana cikin waɗanda suka ɓace, ba cikin waɗanda suka mutu ba, kuma sauya wannan sai an rubuta Ikko, amsa tana iya kai wa baɗi. Na dawo kotu na tambaya ko za a raba auren. Aka ce sai an aika wa miji sammaci ya ƙi zuwa. Na ce a aika ina? Aka ce wannan kuma ni zan faɗa musu.

Ga inda aka tsayar da ƙanwata ke nan. Ba gwauruwa ba ce, don ba a ga gawa ba. Ba ta da miji, don ba a ga mutum ba. Ba za a sake ta ba, don babu wanda zai sake ta. Kowa na ce mini yana tausaya mata, kowa kuma na nuna mini ƙofar gaba.

8. An sanar da mu ranar Juma'ar da ta wuce cewa idan ba a samu hannun ba kafin likitan fiɗa ya zo, za a sallame ta, domin ana bukatar gadon. Ina roƙon Mai Girma ya fahimci abin da sallamar nan take nufi. Mama Kuyet ta tare a barandar ɗakin mata da tabarmarta tun makon farko. An nuna mata hoton, ta ɗaga shi ta duba a rana, ta ce ɗan da ke barci ba ya fitowa a injin Bature. Kullum da hantsi sai ta shigo ta ɗora kunne a kan cikin Emilia, tana yi masa magana da yarensu, tana ce masa ya ƙara haƙuri, ubansa na hanya. Ta riga ta raɗa masa suna. Ta kuma zo da wani jiƙon saiwoyi a gora, wai na tayar da ciki. Sau ɗaya Emilia ta sha don kada ta kunyata ta, jini ya ɓalle har sai da aka kira likita da gudu. Matiron, wato shugabar masu jinya, ta ƙwace goran, amma tsohuwar ta ce akwai wani a gida.

Idan aka sallami Emilia, dangin miji ne ke da ikon ɗaukarta, kuma sun ce ƙauye za su kai ta a tayar da cikin. Daga ƙauyen zuwa bakin titi tafiyar ƙafa ce, ga rafi ya cika a wannan damina. Ranar da jini ya sake ɓallewa a can, babu matiron, babu likita, babu kuma mai ba ta jini.

Na ce wa Emilia ta buɗe baki ta gaya wa tsohuwar gaskiya ƙarara. Ta ce ta gwada. Ta ce duk sa'ad da ta fara, sai ta tuna ranar da matar nan ta shigo da sanda ta tsaya mata a gaban dattawa, sai maganar ta maƙale. Ta ce abin da ke cikinta shi kaɗai ya rage wa tsohuwar na ɗanta, ko da ba ɗa ba ne. Tana kwance tana shafa kan matar da ƙaunarta za ta sa ta mutu da ƙullutu a ciki, ita kuma matar tana yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Ni dai na rasa wanda zan yi wa faɗa, shi ya sa na zo gare ka.

9. Abu na ƙarshe. Ranar Juma'ar nan, bayan an gaya mini zancen sallama, na sake komawa ofishin sakatare. Na tambaye shi, idan Emilia ta cika a kan gadon nan kafin ranar 27, wa zai sa hannu a karɓi gawarta, tun da miji ba ya nan, wansa kuma ya ƙi alƙalami. Ya ce wannan ba matsala ba ce, kowane ɗan'uwa na jini yana iya sa hannu, mace ko namiji, ni ma zan iya. Ya faɗa mini haka ne da niyyar kwantar mini da hankali. Na yi masa godiya na fito.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya ba Asibitin Dutsen Kanya umarni a rubuce, kafin ranar Talata, 27 ga Satumba, cewa a karɓi sa hannun Emilia Zamani a kan aikin da za a yi a jikinta.

(b) Idan dole sai an samu hannu na biyu, a karɓi nawa yanzu, tun da an riga an tabbatar mini za a karɓe shi daga baya.

(c) Ya hana a sallame ta kafin ofishinsa ya yanke magana. Ina kuma roƙon, bayan aikin, likita ya ba ta 'yar takarda mai bayyana abin da aka cire, ta kai wa dattawan ikkilisiya. Zancen Mama Kuyet kuwa a bar mini shi, ni zan zauna da ita a kan tabarmarta in gaya mata, ta tsine mini in ta ga dama.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Idan mutanen wani ƙauye za su zo da kwari da baka, a nuna musu gidana, yana bayan tasha, kowa ya san shi. Ina shirye in zo ofishinka duk ranar da ka kira ni, tare da maigidana da katin asibitin.

Na karanta wa Emilia wannan takarda yau da rana daga farko har ƙarshe. Ta sa na gyara wuri biyu inda ta ce na yi wa surukarta tsauri. Sannan ta ce a tayar da ita zaune, a ba ta alƙalamin. Na ce ba sai ta wahalar da kanta ba, ta ce ai a nan dai babu wanda zai hana ta. Ga hannun nata a ƙasa da nawa, Ranka ya daɗe. Ka duba shi da kyau, ka gani ko akwai abin da ya rage masa.

Ubangiji ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin abin da ke daidai.

Ni ce mai yi maka biyayya,

Magdalene Kumai (Malama)

An karanta mini, na ji, na yarda. A yi mini aikin.

Emilia Zamani